MAGANIN ZUCIYA MAI ZAGIN KANTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam ya girmama shi, ya buɗe masa ƙofar tuba, ba ya rufe ta sai rai ya kai maƙogwaro. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko shi rahama ga talikai, da alayensa da sahabbansa da masu binsu da kyautatawa har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga shehinmu, madogararmu, Shehu Ahmadu Tijani, da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce na rubuta ta zuwa ga 'yan'uwa na zawiyoyin Dutsi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har Daura da Mani da Mashi, maza da mata, saboda yawan tambayar da ake yi a kan wata cuta ta zuciya wadda ke raba muridi da wuridinsa, alhali shi yana zaton tawali'u ne. Cutar kuwa ita ce mutum ya wuni yana zagin kansa da zagin da aka yi masa tun yana yaro. Na tsara ta fasali bakwai. Allah nake roƙo ya amfanar da mai karantawa da mai saurare.

FASALI NA FARKO, CIKIN BAYANIN CUTAR

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya shiryar da mu da kai, cewa cikin ƙirjin waɗansu bayi akwai wata murya wadda ba ta barci. In bawa ya yi salla ta ce masa ba a karɓa ba. In ya yi sadaka ta ce riya ce. In ya mance aya cikin tilawa ta ce: dama kai daƙiƙi ne. In gonarsa ta yi kyau ta ce sa'a ce, in ba ta yi ba ta ce lalacinka ne. In aka yabe shi a zaure sai ya ji kamar wanda aka kama da kayan wani. Mace kuwa, in tuwonta ya yi gudaji sau ɗaya, sai ta kwana tana cewa ita ba ta iya komi ba, ba ta cancanci ɗakin kowa ba.

To, ka kasa kunne da kyau ga kalmomin wannan murya. Za ka iske su ƙidayayyu ne, kullum su ne dai: sakarai, shashasha, malalaci, ɗan banza, ba za ka yi albarka ba, dubi ɗan wane. Ka ƙara kasa kunne, za ka gane mai su. Wani muryar ubansa ce, wani ta uwarsa, wani ta kishiyar uwa, wani ta kawun da ya riƙe shi, wani ta gardin da ke biya masa allo a tsangaya. Mai maganar wataƙila ya shekara talatin cikin kabari, amma ɗan ya ɗauki bulalar ya ci gaba da dukan kansa da hannunsa.

Ɓarnar wannan cuta uku ce. Ta farko, tana kashe himma, sai muridi ya ce: irina bai kamata ya zauna da'irar wazifa ba, ya fara zama baya, daga nan ya daina zuwa. Ta biyu, tana jawo munana zato ga Allah, sai bawa ya ɗauki Ubangijinsa kamar uba mai fushi wanda ba a iya faranta masa, tsarki ya tabbata ga Allah daga haka. Ta uku, tana wucewa ga 'ya'ya, domin abin da ke cikin tulu shi ake zubawa a moɗa.

Masu tarihin Daura suna faɗin macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙon nan Bayajida ya kashe shi a zamanin sarauniya Daurama. Ka lura, ruwa yana cikin rijiyar tun farko, bai taɓa ƙafewa ba, mutane na fama da ƙishi a bakinta. Haka mai wannan cuta yake. Rahamar Allah tana kusa da shi, guga na hannunsa, tsoron abin da ke bakin rijiya kaɗai ya tsare shi.

FASALI NA BIYU, CIKIN BAYANIN ASALINTA

Ya tabbata cikin Buhari da Muslimu cewa kowane yaro ana haihuwarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke karkata shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a Ɗusa shekara ta 505 ta Hijira, daidai da 1111, ya yi magana a kan renon yara cikin Ihya'u Ulumiddini, ya kwatanta zuciyar yaro da dutse mai daraja wanda ba a riga an yi masa zane ba, duk abin da aka zana masa zai karɓa. Mu kuwa da muka tashi da allo mun san misalin da ya fi kusa. Sabon allo yana shan tawada, rubutun farko ko an wanke shi sai ka riƙa ganin inuwarsa ƙarƙashin sabon rubutu.

Yaro ɗan shekara biyar ba shi da hankalin da zai ce: Baba ya gaji ne yau, ko Inna tana cikin ɓacin rai da kishiyarta. Wurinsa maganar babba gaskiya ce kamar fitowar rana. In an ce masa sakarai, sai ya ajiye ta a matsayin sunansa. Kuma tun da ba shi da mafaka sai su, gara masa ya ɗora wa kansa laifi da ya yarda cewa mai ciyar da shi ya yi kuskure. Daga nan sai ya koyi zagin kansa tun kafin a zage shi, domin ya rage zafin abin da ke tafe. Dabara ce ta yaro marar ƙarfi, ta tsare shi lokacin ƙuruciya, sai ta bi shi har furfura. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Amma kada ka yi gaggawar hukunci ga iyaye, domin yawancinsu suna da dalilai. Akwai kunyar ɗan fari, wadda ta sa uwa ba ta ambaton sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ko da ta fi son shi a kan ranta. Akwai tsoron baki, iyaye su ƙi yabon ɗansu don kada kambun baka ya kama shi. Akwai tsoron sangarta, suna riƙe da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai waɗansu su tanƙwara har ya tsage. Akwai ƙuncin rayuwa. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 a wannan ƙasa ya san yadda rumbu in ya zama wayam harshen mai gida kan yi kaifi. Sa'an nan mafi yawansu abin da aka yi musu ne suka yi, ba su san wata hanya ba.

FASALI NA UKU, CIKIN RARRABE ZARGI NA GARI DA WASWASI

In ka ce: ya Malam, ashe Allah bai yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa ba a farkon Suratul Ƙiyama? Ashe shehunai ba su umurce mu da tuhumar rai ba? Sai mu ce: haka ne. Malamai sun ambaci rai mai umurni da mummuna cikin Suratu Yusufa, da rai mai zargi cikin Suratul Ƙiyama, da rai mai natsuwa a ƙarshen Suratul Fajri. Na tsakiyan nan matakala ce da ake takawa a hau zuwa na uku. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza shekara ta 243 ta Hijira, daidai da 857, ya sami laƙabinsa ne saboda yi wa kansa hisabi. Gazali kuma ya kwatanta bawa da ransa da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: su yi sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, su yi lissafi da dare, in an sami hasara ya gargaɗe shi. To, amma wane ɗan kasuwa ne ke zagin abokin cinikinsa dare da rana ko an ci riba? Ga alamomi biyar da za ka rarrabe su.

Alama ta farko: zargi na gari yana ambaton aiki da lokacinsa, ya ce, yau ka ci naman wane a bakin kasuwa. Waswasi kuwa zatinka yake kamawa, ya ce, kai dama munafuki ne.

Ta biyu: zargi na gari yana nuna maka ƙofa, ko tuba, ko ramuwa, ko mayar da haƙƙi. Waswasi yana cewa ba amfani, ka riga ka lalace.

Ta uku: zargi na gari yana yin shiru in an gyara. Waswasi ba ya ƙoshi, in ka toshe masa wannan rami ya tona wani, har zunubin da ka tuba daga gare shi shekara ashirin ya tono maka.

Ta huɗu: zargi na gari da ma'aunin shari'a yake awo. Waswasi yana zarginka da abin da ba zunubi ba ne, kamar in'ina, da nauyin hadda, da talauci, da rashin haihuwa, da mutuwar aure.

Ta biyar, ita ce mafi bayyana: ka dubi abin da ya biyo baya. In ka tashi ka yi alwala ka fuskanci alƙibla, to, wannan daga Allah ne. In ka kwanta jikinka ya mutu, ka ji kunyar ɗaga hannu ka yi roƙo, to, wannan daga maƙiyi ne wanda aka umurce mu da neman tsari daga gare shi cikin Suratun Nasi, ya ari muryar da ya san kana tsoro tun kana yaro.

Ka sani kuma, Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya siffanta ransa da ƙazanta in ya ji ba daɗi, ya umurce shi ya zaɓi kalma mai sauƙi. Wannan yana cikin Buhari da Muslimu. Ka ga ashe akwai ladabi na shari'a ga yadda mutum ke magana da kansa. Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙubba cikin Suratul Hujurati, ranka kuwa ran musulmi ne, amana ce a hannunka. Kuma wanda ya ce zunubina ya fi ƙarfin gafara, ya girmama zunubinsa ya ƙanƙanta rahamar Ubangijinsa bai sani ba. Shehu Ibnu Aɗa'illahi na Masar, wanda ya rasu 709 ta Hijira, daidai da 1309, ya yi gargaɗi a kan wannan cikin Hikam. Yanke ƙauna kuwa an hana shi cikin Suratuz Zumari, aya ta 53, da Suratu Yusufa, aya ta 87.

FASALI NA HUƊU, CIKIN YADDA MANZO YA YI RENO

Anas ɗan Maliki ya shiga hidimar Annabi yana yaro, ya shekara goma yana yi, ya ba da labari cewa cikin shekarun nan bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Yaro ne fa kamar kowane yaro, akan aike shi ya tsaya wurin masu wasa. Aƙra'u ɗan Habisu ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya sanar da shi cewa jin ƙai ana yi wa mai jin ƙai ne. Ya kan ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauke ta.

Manya ma haka ya rene su. Hanzala, ɗaya daga marubutansa, ya fito yana cewa shi ya zama munafuki, domin in yana gaban Annabi zuciyarsa kan yi taushi, in ya koma cikin iyali da gona sai ya shagala. Abubakar Siddiƙu ya ce shi ma yana jin haka. Suka tafi tare, Annabi ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ɗan Adam yana da sa'a irin wannan da sa'a irin waccan. Akwai kuma wani mutum da aka sha kawo shi saboda shan giya, wani cikin jama'a ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya yi masa shaida da son Allah da Manzonsa. An tsayar masa da haddi, amma ba a bari an kashe masa suna ba. To, ya ɗan'uwa, in mai wannan laifi an hana a la'ance shi, da wane izini kake la'antar kanka saboda ka makara lazimin safe?

A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta majalisin mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, da sakin fuska da haƙuri da masu tambaya. Shehu, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, ya yi rubutu mai yawa yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kafa hujjojin tauhidi irin na masu ilmin kalami ba. Ya tsare imanin manomi da makiyayi daga masu tsanani. Kai ma ka tsare naka daga mai tsananin da ke cikin ƙirjinka.

FASALI NA BIYAR, CIKIN HAƘƘIN IYAYE

In ka ce: in na ƙaryata maganar ubana a kaina, ashe ban saɓa masa ba? Ga shi biyayyar iyaye tana cikin sharuɗɗan ɗariƙa. Sai mu ce: ka rarrabe abu biyu. Abin da Allah ya wajabta cikin Suratul Isra'i shi ne kyautata musu, da tausasa harshe, da ƙanƙan da kai gare su, da roƙa musu rahama. Bai wajabta maka gaskata duk abin da ya fito bakinsu cikin fushi ba, domin ma'asumi Annabi ne kaɗai. Annabi Ibrahimu ya yi wa ubansa magana da ladabi cikin Suratu Maryama, ya yi masa sallama, bai karɓi maganarsa ba. Uban da ya ce maka ba za ka yi albarka ba, ya faɗi abin da bai sani ba, domin albarka taskar Allah ce, ba a ba kowa mabuɗinta ba.

Waɗansu suna tsoron cewa bakin uwa ya riga ya kama su. Ka sani, an hana iyaye yi wa 'ya'yansu mummunar addu'a, hanin yana cikin Muslimu, kuma abin tsoro ne ga mai saɓa musu da gangan. Amma yaron da aka zaga don ya fasa tulu, alhali alƙalami bai hau kansa ba, Allah ba ya zaluntarsa da ƙwayar zarra. In iyayenka suna raye, ka je ka durƙusa ka ce: Baba, ku sa mini albarka, Inna, ki yafe mini. Kada ka kai musu lissafin abin da ya wuce, tsoho ba ya iya ɗaukar wannan. In sun sa, ka gode Allah. In harshensu yana nan da kaifinsa, ka yi musu hidima, ka gajarta zama, ka fita da sallama, kada ka ɗauki maganar ka kai ta gida. In sun rasu, ka yi musu sadaka, ka nema musu gafara. Kuma ka sani, in ka ajiye wannan zagi ka rage musu nauyi ne, domin ka yanke ɓarnar kalmar da suka faɗa, ka yafe musu haƙƙinka tun kafin ranar da uba zai guje wa ɗansa.

FASALI NA SHIDA, CIKIN MAGANI

Na farko, ka gane mai magana. In muryar ta taso ka ce a ranka: wannan maganar zauren gidanmu ce ta shekara kaza, ba hukuncin Ubangijina ba ne. Sa'an nan ka nemi tsari da Allah daga Shaiɗan.

Na biyu, ka nemi shaida kamar alƙali. Hujja tana kan mai da'awa. In ta ce ba ka iya komi ba, ka ce: wa ya nome gonar bara? Wa ya sauke izu goma? Wa ke ciyar da gidan nan? In ta kawo laifi na gaskiya mai suna, ka karɓa, ka cika sharuɗɗan tuba da ka karanta tun cikin Ahalari, wato nadama, da barin laifin nan take, da niyyar ba za ka koma ba, ka haɗa da mayar da haƙƙi in na mutum ne. In ba ta kawo ba, an kori ƙara.

Na uku, ka yi aiki da hukuncin mai yawan kokwanto. Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, wanda ya rasu 386 ta Hijira, daidai da 996, ya bayyana cikin Risala cewa wanda shakka ta aure shi cikin salla ya kau da kai daga gare ta, ya yi sujada bayan sallama, ba ya bin ta. Malamanmu sun gane cewa biye wa waswasi shi ne abincinsa. Ka ƙyale shi yana magana, kai kuwa ka ci gaba da aikinka.

Na huɗu, ka yanka wa hisabi lokaci. Bayan lisha ka zauna gwargwadon jan carbi ɗaya. Ka fara da ni'ima uku da aiki na gari uku da Allah ya datar da kai a yinin, ka gode masa, sa'an nan ka dubi kuskure ɗaya, ka tuba, ka ƙulla gyara, ka rufe littafi. In zargi ya zo maka da hantsi ka ce masa: kotu sai dare.

Na biyar, ka yi tunani cikin tsarin wuridinka. Shehu Ahmadu Tijani, wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737 ya rasu a Fas a 1815, ya ba mu lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ka duba, istigfari yana da adadi, in ya cika sai a wuce. A wazifa ma istigfari 30 ne, sa'an nan Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. An fara da wanka, sa'an nan a sa tufa, sa'an nan a shiga wurin Sarki. Mai zagin kai ya tsaya a bayan gida yana ta cuɗa jikinsa har fata ta saɓule, bai taɓa fitowa ya sa riga ba. Wannan ɗariƙa kuwa shehunanta sun kira ta ɗariƙar godiya. Wanda ya ce babu alheri ko kaɗan a tare da shi ya musanta kyautar da aka yi masa ta imani da salla da zikiri. Ka riƙe tsoro gwargwadon abin da zai hana ka saɓo da amince wa makarun Allah, abin da ya wuce haka ka cika shi da fata.

Na shida, ka yi wa ranka magana irin ta Luƙmanu ga ɗansa, wanda ya haɗa gargaɗi da kira mai taushi. Ka tambayi kanka: da maraya ɗan shekara bakwai ne ya yi wannan kuskure gabana, me zan ce masa? Abin da za ka ce masa shi za ka ce wa kanka. Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu 322 ta Hijira, daidai da 934, ya yi nasiha cikin Masalihul Abdani wal Anfusi cewa mutum ya tanadi tunani masu kyau lokacin lafiyarsa, kamar yadda ake ajiye magani a gida, domin ya fito da su ranar da waswasi ya taso. Ka rubuta naka a takarda ka sa cikin gafaka.

Na bakwai, kada ka kaɗaita, kura ba ta kama sai akuyar da ta ware. Balhi ma ya hana mai waswasi kaɗaici da zaman banza. Ka lizimci wazifa cikin jama'a da zikirin Juma'a, ko zuciyarka na cewa ba ka cancanta ba, domin asibiti ba a gina shi don masu lafiya ba. Ka zaɓi ɗan'uwa ɗaya mai riƙon asiri, ko muƙaddaminka, ka faɗa masa abin da muryar ke cewa. Sau da yawa in an fito da ita fili sai ta ƙanƙance. Kuma kada ka yi gaggawa. Rubutun shekara arba'in ba ya fita da wanki ɗaya. In ka wayi gari ka iske ka koma zagin kanka, kada ka zagi kanka a kan haka, ka sake jiƙa allon.

FASALI NA BAKWAI, GA IYAYE DA MALAMAN ALLO, DA GARGAƊI

Ya ku masu 'ya'ya da masu almajirai, abin da kuka faɗa yau a tsakar gida, shi yaro zai riƙa ji bayan an binne ku, to, ku zaɓi abin da za ku bar masa. Gazali ya yi nasiha cewa a yabi yaro in ya yi kyakkyawa, in ya yi kuskure sau ɗaya yana ɓoyewa a yi kamar ba a gani ba, in ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kuma kada a yawaita masa zargi don kada maganar ta zube a idonsa. Ku ambaci laifin ku bar sunan yaron, ku ce: wannan aiki bai yi kyau ba, sake shi. Kada ku auna shi da ɗan wani. Wanda kunya ta hana shi yabon ɗan fari gaban mutane, ya yi a ɗaki, ko ya aika kaka ta faɗa masa. Mai tsoron baki ya ce masha Allahu ya yaba. Kuma kada rana ta faɗi ba ku ce wa kowannensu Allah ya yi maka albarka ba, musamman ɗan riƙo da agola da maraya da kolon da uwarsa ke nesa.

Gargaɗi na ƙarshe. In abin ya kai mutum ba ya barci, ba ya cin abinci, ya bar sana'a, ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki ba sassauci, ko ya fara cewa gara mutuwa da rayuwarsa, to, cuta ta kama jiki, ba raunin imani ba ne. 'Yan'uwa kada su bar shi shi kaɗai, su kai shi babban asibitin Daura ko na Katsina, a nuna shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Likitocin zamani suna da hanyar magani ta zance, wadda wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya tsara cikin shekarun 1960, ana koya wa marar lafiya ya kama mugun tunani ya auna shi da hujja, kusa da abin da muka faɗa a magani na biyu. Neman magani umurnin Annabi ne, ba ya warware tawakkali, a haɗa shi da wuridi da addu'a.

Ya Allah, ka gafarta wa iyayenmu, ka ji ƙansu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, abin da harsunansu suka yi kuskure ka shafe shi daga littafinsu da zukatanmu. Ka kyautata zatonmu gare ka, ka kai rayukanmu ga natsuwa, ka sa 'ya'yanmu su gaji albarka daga bakunanmu. Ka yi tsira da aminci ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, ya sa marubucinta da iyayensa da malamansa cikin addu'a.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, a garin Dutsi. Amin.